Ranar da Muka Yi wa Ruwan Zobe Allura

Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina kan babur tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke bayansu, kuma ban taɓa ganin masu raina wannan sana'a kamar ku yaran yanzu ba. Ku da kuke cikinta fa nake nufi, ba na waje ba. Mutum ya samu babur jiya, yau ya ɗaure waya a kai da robar tayar keke, wata mata tana magana daga ciki tana ce masa ya yi dama ya yi hagu, shi ke nan ya gama koyo. In ka ce masa hanya ilmi ce sai ya yi maka dariya, ya ce, "Baba, ai komi na cikin waya." To ku gyara zama. Ni ma na yi aiki da na'ura tun kafin wasunku su iya ɗaura wando, kuma na yi aiki da wayar taku, na san abin da kowace ta iya.

Aikina na farko kifi ne, ba mutane ba. Maigidana Alhaji Mamman, Allah ya jiƙansa, yana sayen kifi a bakin dam ɗin Zobe yana kai wa kasuwannin ƙauye, ni kuma ina zaune a bayansa rungume da kwando, ruwan ƙarni yana bin cinyata har cikin takalmi. Da aurena a lokacin, amma wata huɗu na yi a haka bai bar ni na taɓa kan babur ba. Bai kuma taɓa ce mini ga hanya ba. Sai dai muna cikin tafiya ya ce, "Hamisu, mi ka gani?" In na ce ban ga komai ba sai ya taka birki ya ce, "To sauka ka koma ka gano." Haka zan ajiye kwando in koma da ƙafa, in tarar ashe reshen ƙaya ne aka gicciya a bakin wata 'yar hanya, alamar mai gona ya yi shuka, ba a bi. Ko kuwa sawun shanu ne a bakin rafi ya kauce wa inda kowa zai zata nan ne mashiga, domin saniya ta fi mu sanin inda laka take. Na tsani mutumin nan a waɗannan watanni, ba zan ɓoye ba, kuma duk abin da na ci a sana'ar nan daga hannunsa ya fito.

A wurinsa na gane cewa kowace hanya a ƙasar nan biyu ce. Da rani ruwan Zobe ya ja baya, filin da ya bari ya bushe, ka ratsa ta ciki ka rage rabin tafiya. Damina na sauka, wasu hanyoyin sun koma gona, wasu sun koma ƙarƙashin ruwa. Ƙauye yana nan inda ka bar shi, amma ruga ba haka take ba. Sunan ruga sunan mai ita ne, ranar da ya kaɗa shanunsa ya tashi, sunan ya bi shi. Sai kuma wata doka da Alhaji ya maimaita mini har na gaji da ji: inda za a je, fasinja ne da iko, ta inda za a bi kuwa, kai ne. Ya ce ɗan acaban da ya fara zaɓa wa mutane inda za su je ya kusa komawa gona.

Fasinjan da ya canza mini aiki shi ne Dokta Bitrus, likitan dabbobi, mutumin Filato, wanda aiki ya kawo shi Dutsin-Ma ya zauna har Hausarsa ta fara karkata irin tamu. Ranar farko ya zo tasha da kula a hannu, akwatin nan mai ƙanƙara da ake sa maganin rigakafi a ciki, ya tambaya wa ya san rugar Ardo Jaɓɓe. Mutum uku suka yi tsalle, kowa yana nuna hanyar Zobe. Na ce masa, "Dokta, an yi ruwa uku. Ardo ya bar bakin dam tun makon jiya, yana tudun bayan Birchi." Ya dube ni, ya ɗora kular a kan baburina. Shekara tara bai hau na wani ba.

Shi ya koya mini cewa kular nan ita ce fasinja ta gaskiya, mu biyun 'yan rakiya ne. Ya ce, "Malam Hamisu, maganin nan yana da rai. In ƙanƙara ta narke ya ji ɗumi, ruwa ne kawai muke ɗauke da shi." In muka tashi bayan sallar asuba, ƙanƙara takan kai mu azahar, in an lulluɓe kular da jiƙaƙƙen buhu ta ɗan ƙara. Saboda haka babu tsayawa gaisuwa, babu shan fura a hanya sai an gama. A aljihun babur kullum akwai filogi sabo, tsumma, sifana biyu, faci da famfo, domin tayar da ta sace a daji ba lokacina kaɗai take ci ba.

Wata shekara ya dawo daga hutun Kirsimeti da wata 'yar baƙar na'ura ta nuna hanya, wadda aka yi musamman don babur. Girmanta bai wuce sabulun wanki ba, jikinta roba ce mai tauri, ana ɗaure ta a kan babur da noti, a ja mata waya daga batir. Ba ruwanta da caji, ba ruwanta da sabis, Dokta ya ce da tauraron ɗan'adam take magana kai tsaye. Maɓallanta manya ne, kana danna su ko hannunka duk laka. 'Yan tasha suka sa mata suna Kunkuru, sunan ya zauna.

Ranar da muka fara fita da ita, muna barin kwalta sai fuskarta ta koma fari fat, ba hanya ba ƙauye, sai ɗan kibiya yana yawo shi kaɗai. Na yi dariya har babur ya yi tangaɗi. Na ce, "Dokta, wannan ai ni zan nuna mata hanya." Ya ce, "Shi ya sa na kawo maka ita." Ashe duk inda ka bi tana jan wani siririn zare a bayanka, ba ta mantawa. In ka isa wuri ka danna, ka rubuta suna. Bokona ba mai yawa ba ne, amma na zauna na rubuta. Kowace ruga na ba ta suna biyu, ta rani da ta damina, wasu ma uku. Kowane rafi na sa masa inda ake tsallakawa da inda ba a gwadawa. Shekara ta zagayo, wata ta zagayo, fuskar nan da take fari fat ta cika da zare. Ta kuma biya ni wahalata. Akwai ranar da na tashi daga zazzaɓi na wata guda, na fito na tarar gero da dawa sun fi kaina tsawo, kowace 'yar hanya ta koma kamar 'yar uwarta, ba ka hango bishiyar da ka saba kamawa da ido. Zaren Kunkuru ne ya fitar da mu a kan lokaci.

Yanzu ku kawo wayar taku a gwada. Rana ta yi tsaka, waya ta ɗauki zafi ta kashe kanta. Ba ta kashe ba, ba ka ganin fuskarta sai ka tsaya ka yi mata inuwa da hula. Yayyafi ya sauko, kowane ɗigo yana danna mata wuri, taswira tana ta tsalle ita kaɗai. Kana daf da mararraba sai ga kiran mai ɗaki ya rufe komai. Gargadar hanya ta girgiza ta wata biyu, kyamara ta lalace, ka koma kana ɗaukar hoto kamar cikin hayaƙi. Matar da ke ciki kuwa ba ta san damina ba, da kunnena na ji ta ce wa wani ya miƙe sosai, gabansa kuma gonar shinkafar mutane ce. Amma gaskiya ɗaya ce, in cikin Katsina aka aike ni neman wani layi ko wani asibiti, wayar ta fi Kunkuru nesa ba kusa ba, ni ma ita nake ara. Ita waya ta san abin da wani ya gaya mata daga nesa, Kunkuru kuwa abin da tayata ta taka kawai ta sani. Shekarar da aka katse mana sabis saboda rashin tsaro, wayoyinku duk suka koma tocila, Kunkuru ko a jikinta.

Bayan wannan shekarar ne Dokta ya haɗa kayansa. Hanyoyi sun ɓaci, wasu rugagen ba a zuwa, iyalinsa kuma suka matsa masa ya dawo gida. Da zai tafi na kawo sifana zan kwance masa na'urarsa, ya riƙe hannuna ya ce, "Bar ta. Abin da ke ciki naka ne, ba nawa ba."

Damina ta biyu da tafiyarsa ita ce mummunar shekarata. Ciwon huhu ya shigo cikin shanu ta arewa. Wanda bai taɓa gani ba, saniya ce za ta fara wani busasshen tari, ta tsaya ta ware ƙafafun gaba ta miƙe wuya tana neman numfashi, ta rame ta mutu. Ta numfashi yake yaɗuwa, wadda ta tsaya kusa da mai shi ta ɗauka. Aka ba wani kamfani aikin rigakafi, suka kama ɗaki biyu a Dutsin-Ma suka kira shi ofis, suka ɗauki 'yan acaba, har da ni. Tsarinsu a waya yake. Kowace ruga ɗigo ce ja a kan taswira. Mai allura zai je ya tsaya a kan ɗigon, ya ɗauki hoto, ya rubuta yawan shanu, sai ɗigon ya koma kore. In ba ka taka ɗigon ba wayar ba za ta buɗe maka komai ba, kuma a wurin ofis ba ka je ba. Na tambaya yaushe aka ɗiga waɗannan ɗigage, aka ce a tsakiyar rani aka tura wasu samari suka zagaya. Na ce to an yi kuskure. Aka ce mini in kula da tuƙi.

Mai allurar da aka haɗa ni da shi sunansa Nazifi, ɗan cikin Katsina. Ba mugu ba ne, yana da ladabi, hannunsa ma yana da sauƙi a kan dabba. Aikinsa na farko ke nan bayan ya daɗe zaune da takardunsa a gida, kuma yana tsoron wayar nan fiye da yadda yake tsoron bijimi.

Ana saura kwana uku mu je wurin Ardo Jaɓɓe na haɗu da shi a kasuwar Kurfi. Dattijo ne dogo, mai son tsokana, bai taɓa kirana da sunana ba sai Kaɗo. Na ce masa ranar Litinin da hantsi muna nan tafe da allura. Ya ce, "To ba su fita kiwo. Zan aika ma ƙanena Buba, in aika ma surukina, su koro nasu a haɗa wuri guda kamar yadda muka saba da Dokta. Kaɗo, ka tabbata?" Haka kuwa ake yi, ranar allura ana tara garken dangi a shinge ɗaya, samari su kama, a gama kafin rana ta yi zafi kowa ya watse. Na buga ƙirji na ce, "Ardo, ka taɓa jirana ban zo ba?" Ya yi dariya ya ce bai taɓa ba.

Ranar Litinin muka ɗauki kula bayan asuba. A bakin gari na juya kan babur arewa, hanyar Birchi. Nazifi ya taɓa kafaɗata ya ce, "Baba, ba nan ba ne. Ga ta nan, wajen Zobe." Na tsaya na nuna masa Kunkuru, ga Jaɓɓe ta rani, ga Jaɓɓe ta damina, na ce wancan wurin da wayarsa ke nunawa ko kaza babu. Ya ce, "Na yarda da kai, Baba. Amma in ban taka ɗigon nan ba, ko shanu dubu na yi ma allura, cewa za a yi na saida maganin. An kori mutum biyu makon jiya a kan haka." Na ce mu fara zuwa wurin shanu, ɗigo ba ya tafiya ko'ina. Ya ce wayar tana rubuta lokaci, kuma an hana su buɗe kwalba ko ɗaya kafin ɗigo ya buɗe. "Ka taimake ni, Baba. Mu leƙa, in ɗauki hoto, mu juyo. Awa ɗaya."

Na duba sama, na ga gabas ta ɗan yi nauyi, kuma na san me hakan ke nufi. Na yi lissafi a raina, zuwa da dawowa da wucewa Birchi, na ga in komai ya tafi daidai za mu isa kafin rana ta take. Sannan dokar Alhaji tana kunnena, inda za a je ba ni ne da iko ba. Da wannan na fake, na juya kan babur kudu.

Mun bar kwalta, mun tsallake wani rafi da ruwansa bai kai idon sawu ba, mun gangara bakin dam. Hanya ta ƙare a ruwa. Nazifi ya sauka yana bin wayarsa har takalminsa ya jiƙe, ɗigon kuwa yana can gaba. Filin da Ardo ya yi rani a kai ruwa ya shanye shi, sai kan wani kututture da ke leƙowa. Na zata nan maganar za ta ƙare. Ina! Ya hango wani masunci yana gyara koma a kwalekwalensa, ya roƙe shi. Masuncin ya ce, "Mi za ku yi a can?" Nazifi ya ce allurar shanu. Mutumin ya dube ni, ya dubi ruwan, ya ce, "To ku shigo, wataƙila sun nutse ne."

Da idona na ga wannan abu, kuma ina cikin kwalekwalen. Masunci yana tuƙi, Nazifi yana cewa a ɗan yi dama, a ɗan koma baya, ni ina rungume da kula kamar yadda na taɓa rungumar kwandon kifi. A tsakiyar ruwa wayar ta yi ƙara, ɗigo ya buɗe. Nazifi ya ɗauki hoton gaɓa inda ciyawa take. Sai wayar ta nemi yawan shanun da aka yi wa allura, ta ƙi matsawa gaba in ba a cika ba. Ya ce, "Baba, kamar nawa ne?" Ni da bakina na gaya masa. Na san garken Ardo, na san na Buba, na san na surukin, na haɗa masa duka. Ya rubuta, ya danna, ɗigo ya koma kore. Masuncin ya yi dariya har ya kusa kifar da mu, yana cewa bana kifin Zobe ba zai yi tari ba.

Muna taka gaɓa hadarin ya iso. Ruwa ne irin wanda ba ka ganin tayar gabanka. Na ja babur duk da haka, amma kafin mu kai rafin da muka tsallake ɗazu ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da itatuwa. Kunkuru tana da wata mashiga a sama, na bi zarenta na je, ita ma ta tafi. Babu ɗan acaban da zai shiga wannan ruwa ya fito. Muka zauna ƙarƙashin wata tsamiya muna kallonsa. Ruwan sama ya ɗauke, rana ta fito da zafinta, muka yi azahar a nan, rafi bai sauka ba sai gab da la'asar. Duk lokacin ina jin ƙanƙarar tana motsi a cikin kula, da farko tana ƙwanƙwasa, daga baya sai ɓulɓul.

Mun isa tudun bayan Birchi rana ta yi sanyi. Tun daga nesa nake jin kukan shanu. Garke uku a shinge ɗaya tun sassafe, ba ci ba sha, sun matsu suna hura wa juna hanci. Samari sun gaji sun zauna a kan sandunansu. Nazifi ya buɗe kula ya tsoma yatsa, ya ɗago ya dube ni. Ni ma na tsoma. Ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jariri.

Abin da na yi a nan shi ne ya fi ci mini rai. Na ja shi gefe na ce mu yi musu hakanan, ai ba wanda zai sani. Kunya ce ta sa ni, ba komai ba, ba na son in dubi idon Ardo. Yaron nan da nake rainawa shi ya ƙi. Ya ce, "Baba, na yi ƙarya guda yau, ba ni ƙara ta biyu. In muka yi masu wannan za su saki jiki su ce an yi." Ya je da kansa ya durƙusa gaban Ardo ya ce magani ya lalace a hanya, ruwa ya tare mu, za mu dawo. Ardo ya ce Allah ya kaimu, ya sa aka kawo mana nono. Muna tsaye a bakin shinge ana buɗe wa shanu, sai na ji shi, daga cikin garken surukin, can tsakiya. Busasshen tari, sau biyu. Shekara tara ina bin Dokta, na san wannan tarin. Na ga Ardo ma ya juya kansa wajen.

Washegari tun kafin a share ofis muna bakin ƙofa. Nazifi ya faɗa wa ogansu gaskiya tun daga kwalekwale har nono. Ogan ya juyo mana da kwamfutarsa ya ce, "Ga rugar nan, kore ce. Tun jiya rahoto ya wuce sama, ba ni da ikon janye shi. Magani kuma a kan ɗigo ake ba mu, ba a ba da na wuri ɗaya sau biyu." Ya ce mu jira zagaye na gaba bayan damina. Na fita na kwance Kunkuru daga kan babur, na kawo na ajiye masa a tebur, na nuna masa inda mutanen suke da inda ɗigonsu yake, na ce ba Ardo kaɗai ba, rugage da yawa haka suke, in yana so in zauna da yaransa mu gyara duka. Ya ɗaga ta yana jujjuyawa, ya ce, "Baba, har yanzu akwai masu amfani da irin wannan? Ba ta cikin tsarinmu." Ya miƙo mini ita da ladabi.

Na zaga shagunan maganin dabbobi na Dutsin-Ma da Kurfi, sai maganin tsutsa da na kaska, na rigakafin nan ba a ajiye shi a shago. Na kira Dokta Bitrus, ya yi ta buge-bugen waya, bayan mako uku ya samo ta hannun wani abokinsa. Amma tun a waya ya gaya mini, "Malam Hamisu, rigakafi ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta ɗauka. In sun wuni a shinge ɗaya da mai tari, sai dai addu'a." Mun je mun yi, ni da Nazifi, ba waya ba hoto. Ardo bai fito ba, Buba ne ya kama mana. A lokacin ba a tsakiyar garke kaɗai ake tarin ba.

Kafin a yanke gero rugar ta zama abin tausayi. Na surukin suka fara, na Buba suka bi, na Ardo da ba su taɓa kusantar mai ciwo ba sai ranar da aka tara su saboda maganata, su ma suka kama faɗuwa. Mahauta suka riƙa zuwa da sassafe suna ɗaukar na yankawa a araha. Ni da kaina na daina bin hanyar, in fasinja ya ce bayan Birchi sai in ce taya ba ta da kyau. A taswirar ofis kuwa ɗigon yana nan kore shar a tsakiyar Zobe, kuma na ji an yaba wa shiyyarmu a kan saurin aiki.

Bayan kaka na ga Ardo a kasuwar Kurfi. Yana fitowa daga wajen masu dabbobi, igiya a naɗe a hannunsa ba komai a jikinta, ya kama hanyar gida da ƙafa. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Na yi niyyar in kauce, sai na ga ya riga ya gan ni. Na kashe babur na sauka na gaishe shi, na yi masa jaje, na ce ya hau in kai shi.

Ya amsa gaisuwar tsaf, har ya tambayi iyali. Sannan ya ce, "Hamisu, abu guda nike so in tambaye ka. Masuntan Zobe sun ba yarana wani labari, ban yarda ba. Ranar nan, ɓata kuka yi?"

Ga hanya a buɗe, da na ce e da ya karɓa, na gani a idonsa. Na ce, "A'a, Ardo."

"Ka san inda muke?"

"Na sani."

"Tun da safe?"

"Tun da safe."

Ya murza igiyar. Ya ce, "Na so ka ce mani ɓata kuka yi. Da na ce ƙaddara ce, in samu barci." Ya saɓa sandarsa ya wuce.

Na tura babur da hannu na bi shi har bayan gari ina roƙonsa ya hau, mutane suna kallonmu. Bai waiwayo ba.